Ranar da Muka Kai Baba Gonar Inabi

Gara in faɗi tun farko cewa ba komai na riƙe daidai ba. Shekaru sun ɗan ja, kuma an maimaita labarin nan a gidanmu har ya yi santsi, ta yadda wani lokaci nakan kasa raba abin da na gani da idona da abin da 'yan'uwa suka ƙara masa. Abin da nake da tabbaci a kai shi ne ƙarshen lokacin zafin Ingila ne, a shekarun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, har laburaren unguwarmu ya koma buɗewa rabin mako. Ni kuma na miƙa kundin digirina na biyu a Birmingham, ina jiran hukuncin mahaifina.

Shekara ɗaya Baba ya yarda in yi a Turai, ita ma sai da yayyena suka sa baki. Sai ga wata jami'a a Manchester ta ba ni gurbin PhD da tallafi. Na gaya masa ta waya. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya tambaya ko bikin yaye mu a watan Disamba ne, na ce e. Ya ce shi ba zai zo cikin wannan sanyin ba. Zai zo yanzu, ya ga inda nake zaune da mutanen da nake cikinsu, sannan a yi magana.

Baba malamin gona ne mai ritaya, mutumin Funtua. A tsakar gidanmu akwai inabi da ya ɗora a kan rumfa, yana kula da shi kamar ɗan auta, duk da cewa 'ya'yansa tsami ne da su. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata.

A lokacin ina haya a ɗakin sama na wani gida a Erdington. Matar gidan nas ce a babban asibitin Edgbaston, mutuniyar wajen Jos, Kirista, kuma tun makon farko ta hana ni ce mata komai sai Mama. Mijinta direban bas ne, kowa Oga yake ce masa, har ita. Da suka ji Baba zai zo, suka ce ba zai sauka a otal ba suna raye. Suka gyara masa ɗakin ɗansu da ya tafi jami'a.

Ni mutum ce mai fargaba, irin wadda take komawa ta taɓa ƙofa bayan ta kulle ta. Na ƙudurta cewa Baba ba zai ga abin da zai ɓata masa rai ba a ƙasar nan. Babban gidan zane-zane na tsakiyar gari kyauta ake shiga, don haka na sa shi a gaba. Amma sai da na yi ta zuwa ni kaɗai ina gano ɗakunan da ke da hotunan mutane ba sutura, na haddace hanyar da za mu bi mu kauce musu. Ranar da muka je, sai muka tarar an ja igiya a ɗakin da na dogara da shi. Wani dattijo mai gadin hotuna ya ce an rage musu ma'aikata, ba a iya buɗe duka ɗakunan a rana ɗaya. Ya nuna mana wata ƙofa, wadda ita ce ainihin wadda nake gudu.

Muna shiga muka yi kiciɓis da wata mata a bango, tana wanka a bakin rafi, girmanta ya kai ƙofa. Na fara surutu a kan kyawun silin, ina nuna sama da hannu. Baba ya tsaya, ya dube ta sau ɗaya.

"Allah ya ba ta sutura," ya ce, ya wuce.

A ɗaki na gaba ya samu abin da ya tsayar da shi: tumaki a kan tudu, hadari ya haɗo a bayansu. Ya daɗe a gabansu, hannuwansa a baya.

"Wanda ya zana wannan ya yi kiwo," ya ce. "Dubi waccan, tuƙa take yi. Ba a koyon wannan a makaranta."

Mun fito yana ta maganar tumakin, ni kuma ina jin na tsallake babban rami. Ban san ramin na gaske tun kafin Baba ya sauka na haƙa shi ba, a kicin ɗin Mama.

Ga yadda aka yi. Ana saura 'yan kwanaki ya iso, Mama tana juya miya ta ce mini an haɗe sashensu na asibiti da wani, kuma a walimar rabuwa an ba ta takardar shiga kyauta ta mutum huɗu, ta ziyarar wata gonar inabi a ƙauye.

"Ni da Oga ganin gona kawai za mu yi," ta ce. Sai ta rage murya. "Amma fa, 'yata, wurin da ake yin ruwan inabi ne. Alhaji ba zai damu ba?"

"Damuwa? Mama, ai Baba ba abin da yake so kamar ruwan inabi. In ya samu mai sanyi, shi kaɗai yake shanye kwalba."

Ta tsaya da ludayi a hannu. "Alhaji?"

"Wallahi. Musamman da azumi, in an sha ruwa."

"Da azumi," ta maimaita a hankali. Ta koma kan miyarta. "To. Allah ya kyauta."

Sai daga baya na fahimci abin da ya faru. A Hausar da na tashi da ita, ruwan inabi lemo ne, irin na kwalba mai kumfa da ake rabawa a biki, wanda ba ya sa maye. A Hausar cocinsu Mama kuwa, ruwan inabi shi ne giyar inabi. Ta zaɓi kalmar ne don ta ga bai dace ta ce giya a gaban yarinya musulma tana maganar ubanta ba. Gargaɗi ta yi mini cikin ladabi, ni kuma na ba ta amsa cikin murna. Ba wai ban san ana yin giya da inabi ba. Na sani. Amma a gidan Mama ban taɓa ganin ko murfin kwalbarta ba, sai tunanina bai je can ba. Na duba hasashen yanayi, na ɗauki darduma da buta, na tanadi maganin hawan jinin Baba. Sunan gonar ne kawai ban nema ba, wataƙila don daga bakin Mama maganar ta fito.

Ranar Asabar muka kama hanya a motar Oga. Rana ta fito sosai, abin da ba kullum ake samu ba. Muka bar babban titi muka shiga ƙananan hanyoyi masu shinge kore hagu da dama, inda in mota biyu suka haɗu sai ɗaya ta ja da baya. Baba yana gaba, yana kiran sunan duk amfanin gonar da muka wuce.

"Alhaji, yau ranarka ce!" in ji Oga, yana kashe masa ido.

"Ranarmu dai, Oga."

"A'a, taka ce. A nan babu wanda ya san ka. Ka saki jikinka."

"Na gode. Allah ya saka da alheri."

Mama ta miƙa hannu daga baya ta mintsini Oga a kafaɗa. "Ka yi tuƙinka, mutumin nan."

Na ɗauka wasan miji da mata ne, har na yi dariya.

Gonar a gefen tudu take. Ban taɓa ganin inabi da yawa haka ba: layi bayan layi a kan waya, ganye ya fara ja, nonnan 'ya'ya suna rataye ƙasa-ƙasa, wasu kore wasu baƙi. Baba ya fito daga mota ya tsaya, ya ce "Masha Allah" a hankali, kamar don kansa. Na ji daɗi har cikin raina. Na ce yau na gama da shi.

Sai mai zagayawa da mu ta iso, wata mata mai dogon takalmin roba da saurin magana irin na mutanen yankin. Akwai wasu baƙi Turawa, ina jin ba su kai goma ba. A jimlarta ta farko ta ambaci sunan abin da suke yi a wurin, da Turanci, ba kwana-kwana. Na waiga na ga allon da ke bakin ƙofa, da hoton kofin gilashi mai dogon wuya.

Baba ya san Turancin littafi sarai, amma na bakin matar nan ya fi ƙarfinsa. Ya karkato.

"Uwata, me take cewa?"

"Ta ce a nan suke yin... ruwan inabi."

Ina jin kalmar ta fito daga bakina na gane abin da Mama ta tambaye ni a kicin, na kuma tuna amsar da na ba ta. Na dubi Mama. Tana kallon sama, fuskarta irin ta wadda ta yi alkawarin ba za ta ga komai ba.

Na so in ja Baba gefe, amma ya riga ya shige cikin layukan. Ya tsuguna da babbar rigarsa ya damƙi ƙasa ya murza. Ya duba inda aka datse reshe. Ya sa ni tambayar matar yadda suke yi da tsuntsaye, da yadda itacen yake tsira in ƙanƙara ta sauka. Da ya gaya mata nasa na gida sau biyu yake 'ya'ya a shekara, tunda mu ba mu da hunturun da zai sa shi barci, sai ta bar sauran baƙin ta dawo kansa. Can suka daina bukatata, suka koma magana da hannu, yana nuna mata da yatsa inda shi zai yanka, tana girgiza kai tana nuna ƙasa kaɗan. Ta tsinko masa 'ya'ya ya ɗanɗana. Ƙanana ne, masu kaurin fata da ƙwallo. Ya tauna, ya dube ni ta gefen ido.

Daga nan aka shigar da mu wata rumfa mai manyan tankunan ƙarfe, tana wari kamar ƙullun da ya kwana biyu. Na yi ta addu'a a zuci wuta ta ɗauke, ko ruwa ya sauko, ko wani ya suma, ko da ni ce. Ba abin da ya faru. Aka wuce da mu wani dogon tebur, aka jera kofuna, aka fara zubawa.

Mama ta ɗauki kofinta da yatsa biyu, ta haɗa da na Oga, ta tura su gaban Baba.

"Alhaji, ga namu. Mu ba ma sha, cocinmu ta hana. Kai dai ka sha abinka. Mu ba mu ga komai ba."

Baba ya dubi kofuna uku a gabansa. Ya dubi Mama.

"Sista," ya ce, don haka yake kiranta saboda aikinta, "wa ya ce miki ina shan giya?"

Mama ta juyo kaina. "Ba ke kika ce shi kaɗai yake shanye kwalba ba? Har da azumi?"

"In an sha ruwa dai," in ji Oga. "Ki faɗi gaskiya, kar ki ƙara masa."

"Mama, lemo nake nufi! Na kwalba, wanda ake rabawa a biki!"

"Wayyo Yesu!" Mama ta ja gyalenta ta rufe fuska.

Baba ya miƙe ya fita daga rumfar. Na bi shi. Na hango shi ya dafa wani turke, ya ba ni baya, kafaɗunsa suna girgiza. Na ce shi ke nan, Manchester ta tafi, sai haɗa kaya. Da na zagayo gabansa sai na ga dariya yake yi, irin wadda ba ta da sauti, ya cire hula yana share hawaye da ita. A iya sanina ban taɓa ganinsa ba hula a waje ba sai ranar.

Mama da Oga suka fito, ita har yanzu fuska a rufe.

"Sista," in ji Baba da ya samu numfashi, "wato duk kwanakin nan da nake gidanki, kallon mashayi kike yi mini? Kina kawo mini kunu da safe, kina durƙusawa?"

"To ya zan yi, Alhaji? Uban 'yata ne kai. Na dai sa ka a addu'a."

"Kowace safiya," in ji Oga. "Da suna. Har ni ta hana in gaya wa kowa, ta ce in na buɗe baki a coci sai na nemi wani gidan."

"Kai kuma da kashe ido!"

"Alhaji, ni tausayinka na ji. Na ce bawan Allah ya sha ɓuya a Funtua, bari ya huta kwana ɗaya."

Nan dariya ta sake kwashe su. Matar gonar ta leƙo ta ga ko lafiya. Na yi mata bayani iyakar iyawata, ina haɗa haƙuri a kowace jimla. Ban tabbata ta gane zancen kalmar ba, amma ta gane ba mai sha a cikinmu, ta yi dariya ita ma, ta koma ta kawo mana ruwan tuffa na gonar maƙwabcinta. Oga ya karɓa ya shinshina, ya karanta takardar jikin kwalbar da ƙarfi tun daga sama har ƙasa, sannan ya miƙa wa Baba.

A ƙarƙashin wata bishiya muka ci abinci, nesa da teburin. Mama ta zo da masa da gwate a kula, Baba ya fito da dambun naman da ya taho da shi daga gida. Muka yi sallar azahar a kan ciyawa, Mama da Oga suna zaune suna kore mana zanzaro. Na tuna ƙamshin ciyawar, da sanyin da ya ratso dardumar, da yadda tudun ya gangara har wani ƙauye mai hasumiyar coci. Ina jin ban taɓa cin masa mai daɗin ta ranar ba, ko da yake wataƙila tsoron da ya sake ni ne ya ƙara mata gishiri.

Amma tsoron bai sake ni duka ba. Muna komawa mota Baba ya rage tafiya har muka zama mu biyu.

"Uwata, ba a zama a irin wancan teburin. Da kin tambaya."

"Na yi kuskure, Baba."

Ya wuce ya shiga mota. A hanya na yi ta juya maganar. Dariya daban, hukunci daban, na san halinsa.

Ranar Litinin muka hau jirgin ƙasa zuwa Manchester, ni da shi. Ana yayyafi muka sauka. Na nuna masa ginin sashen da ya ɗauke ni, da masallacin ɗalibai, da titin da ke cike da shagunan abincin halal. Yana ta gyaɗa kai kawai. Da ruwan ya ƙarfafa muka fake a wani gidan zane-zane da ban taɓa shiga ba. Ban san abin da ke ciki ba, kuma gajiya ta hana ni damuwa.

A wani ɗaki akwai hoton masaƙa mai dogayen bututun hayaƙi, mata ma'aikata sun fito suna cin abinci a bakin titi. Baba ya zauna a bencin da ke gabansa. Ya ce yana yaro, in kakana ya kai auduga kasuwa, sai a ce ta tafi Manchester. Shi kuma ya daɗe yana zaton Manchester sunan wani attajiri ne, har yana mamakin riga nawa mutum ɗaya zai sa.

Muka ci gaba da kallon matan hoton. Ɗaya ta cire takalmi, ɗaya tana zuba wani abu daga buta.

"Kin san tun a bakin ƙofa na gane?" ya ce.

"Gonar?"

"Na karanta allon. Turancin bakinsu ne ba na ji, na rubutu ina ji."

"To Baba, me ya sa ba ka ce komai ba?"

"Ina son in ga inabin."

Ya gyara zama.

"Daga nan zuwa gidan Sista, jirgin nan da muka hau ne?"

"Shi ne."

"Kullum akwai shi?"

"Kullum, Baba. Ina jin har da Lahadi, amma sai na duba."

"Ki duba. Ba ni wayarki, ki kira mini ita."

Na ce ba a waya a nan, na nuna masa mai gadi. Ya ce gajeruwa ce. Na kira, na miƙa masa. Mama tana wurin aiki, ina jiyo hayaniyar asibiti.

"Sista, mashayinki ne," ya ce. Na jiyo ihunta daga inda nake. Ya jira ta gama. "Yarinyar nan za ta zauna ta yi karatunta. Duk hutu tana gidanki. In ta yi ba daidai ba ki yi mata faɗa, ba sai kin tambaye ni ba. Amana ce na bar miki."

Ban san abin da ta amsa ba. Ya ce amin sau da yawa, ya miƙo mini wayar, ya tambaya ko a garin nan ana samun shayi mai zafi. Ni kuwa kuka nake yi a gaban matan masaƙa, mai gadin yana kallonmu, ina jin ya ɗauka hoton ne ya taɓa ni.

Iyakar abin da na riƙe ke nan. Oga ya rantse sau ɗaya kawai ya kashe ido, ni na tuna fiye da haka. Mama ta ce ba gwate ta kai ba, shinkafa ce, kuma wai ba ta rufe fuska ba. Baba ya ce bai cire hula ba. Ban isa in ƙaryata ko ɗaya daga cikinsu ba. In akwai wanda ya ji labarin nan daga bakinsu a lokacin, a Erdington ko a Funtua, ya ga na sauya wani abu ko na tsallake, don Allah ya aiko mini in gyara.